Injin na'urar hangen taurari yana cijewa

Malam, ka ce injin da ke juya na'urarka tana bin taurari yakan yi gurnani ya tsaya cak. Fara duba batir, yawancinsu volt 12 suke so. Sannan ka saki makullan da ke riƙe na'urar kada ta juya, ka matsar da ƙarfen da ke daidaita nauyinta har na'urar ta tsaya duk inda ka sake ta.

Amma a Legas giris, wato man shafa wa ƙarafan inji, na fi zargi, saboda danshi da iskar teku. Da na buɗe tawa a Agege, giris ɗin ya daskare kamar ƙaro, ga tsatsa a haƙoran giyar injin. Goge shi tas, ka shafa sabo kaɗan. Don Allah kada ka matse giyar sosai, bar mata ɗan sarari. In ka ji ƙauri daga allon lantarki, cire wuta ka kai wa mai gyara.