Amsoshin Tambayoyinku: Cire Murya da Yanka Bidiyo da Layin Umarni Guda

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan FFmpeg suke, wato manhajar sarrafa murya da bidiyo wadda ba ta da maɓallin dannawa ko ɗaya, sai dai ka buɗe baƙin allo ka rubuta mata abin da kake so. Na zaɓo guda uku.

Tambaya: Malam, ni nake ɗaukar karatun da ake yi a masallacin unguwarmu duk daren Juma'a da wayata. Karatun awa ɗaya da rabi yakan cinye kusan gigabayit 4. Dattawanmu ba hoton suke so ba, muryar suke so a zuba musu a memori su saka a rediyo. Kuma suna kukan muryar malam ba ta fita sosai. Mene ne abin yi? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Allah Ya saka maka da alheri kan wannan hidima, ɗan'uwa. Layi ɗaya ya ishe ka:

ffmpeg -i karatu.mp4 -vn -ac 1 -c:a libmp3lame -b:a 64k karatu.mp3

Kada tsawonsa ya razana ka. Duk kalmar da ta fara da karan-ɗori zaɓi ce, abin da ke biye da ita kuma galibi shi ne bayaninta. Wannan -i ɗin yana nuna fayil ɗin da za a karanta. Shi -vn cewa yake a bar hoto, kada a taho da shi. Shi kuma -ac 1 yana haɗe muryar dama da ta hagu su zama hanya ɗaya, domin mutum ɗaya ne ke magana, kuma yawancin ƙananan rediyoyin nan lasifika ɗaya gare su. Sai -c:a libmp3lame, wanda ke cewa a mayar da muryar MP3, wadda babu rediyon memorin da ba ya karanta ta. Sunan da ke ƙarshe, wanda ba shi da karan-ɗori, shi ne sabon fayil ɗinka.

Inda lissafi yake shi ne -b:a 64k. Ma'anarsa kilobit 64 a kowace daƙiƙa, wato bayit 8,000. Awa ɗaya da rabi daƙiƙa 5,400 ce. Ka ninka, za ka samu kusan megabayit 43. Ka ga daga gigabayit 4 an sauko zuwa abin da memori ɗaya zai ɗauki karatun shekara guda cur. Wasu za su ce maka ka sa 128k ko 320k wai ya fi kyau. Ga kiɗa da gaskiyarsu, amma ga maganar mutum ɗaya da aka ɗauka da waya, asarar wuri ce kawai. Kunnen dattijo ba zai ji bambanci ba, memorinsa ne zai cika da wuri.

Batun muryar da ba ta fita, ƙara wannan kafin sunan sabon fayil ɗin:

-af highpass=f=100,loudnorm=I=-16 -ar 44100

Na farkon, wato highpass, yana rage gurnanin ƙasa-ƙasa irin na janareta. Na biyun, wato loudnorm, yana daidaita ƙarfin muryar, ta yadda inda malam ya sassauta da inda ya ɗaga ba za su yi nisa da juna ba. Idan ka rubuta loudnorm kaɗai ba lamba, zai kai ta -24, wanda ya yi sanyi ga ƙaramar rediyo, shi ya sa na sa -16. Amma zan gaya maka tsakani da Allah: babu umarnin da zai dawo da muryar da ba ta shiga wayar ba tun farko. Idan kana sahu na biyar ƙarƙashin fanka, iskar fanka ka ɗauka. Nemi izini ka ajiye wayar a gaban malam, kusa da littafinsa.

Sai jan kunne ɗaya. Akwai zaɓin -y, wanda ke sa manhajar ta rubuta a kan tsohon fayil ba tare da ta tambaye ka ba. Na taɓa amfani da shi ina gyara wata lacca, ban sauya sunan da na yi amfani da shi jiya ba, ta hau kan ta jiyan, kuma na riga na goge bidiyonta na asali. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin mai laccar ba zai sake yin ta ba. Ka riƙa sa kwanan wata a sunan kowane karatu, kuma ka bar -y sai ka ƙware.

Tambaya: Ina da bidiyon bikin 'yar ƙanwata na awa biyu. Wurin kamu kaɗai nake so in aika wa 'yan'uwa, yana farawa daga minti na 42, tsawonsa minti biyar. Yarona ya gwada, kwamfutar ta daɗe tana aiki har ta yi zafi, da ya fito kuma fuskoki sun dusashe. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba su zaman lafiya. Abin da ya faru shi ne yaron ya sa kwamfutar ta warware bidiyon ta sake ɗinka shi, alhali yanka kawai ake bukata. Kowane sake ɗinki kuwa yana cin lokaci, yana kuma rage kyau. Ce masa ya rubuta haka:

ffmpeg -ss 00:42:00 -i biki.mp4 -t 00:05:00 -c copy kamu.mp4

Wannan -c copy ɗin, a wurina, shi ne zaɓin da ya fi kowanne daraja a duk manhajar. Fayil ɗin bidiyo kamar ƙwarya ce da fura a ciki. MP4 ko MKV ƙwaryar ce, hoton da muryar su ne furar. To -c copy ɗiba yake daga wannan ƙwarya ya zuba a waccan, ba ya sake damu. Kafin ki kurɓi shayi sau biyu ya gama, kuma hoton yana nan yadda mai ɗauka ya ɗauke shi.

Ki lura da inda -ss yake zaune: gaban -i. A FFmpeg mazaunin zaɓi shi ke ba shi ma'ana. Wanda ya zo kafin -i yana aiki ne a kan fayil ɗin da ake karantawa, wanda ya zo bayansa yana aiki a kan wanda ake samarwa. Da -ss a gaba, manhajar tsalle take yi kai tsaye zuwa minti na 42. Da shi a baya, sai ta bi bidiyon tun daga farko tana zubarwa har ta iso wurin. Akwai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa: idan yaron ya musanya -t da -to ya rubuta 00:47:00, yana nufin a tsaya a minti na 47, zai samu bidiyo mai tsawon minti 47, domin bayan tsallen agogon ya koma sifiri. Ya tsaya a kan -t, wanda tsawon abin da ake so yake nufi.

Kwafi yana da iyakarsa. Bidiyo ba cikakkun hotuna ba ne jere da juna. Ana ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan waɗanda ke biye da shi su riƙe abin da ya sauya kaɗai, har a kai ga cikakke na gaba. Kwafi ba ya iya farawa sai daga cikakken hoto, don haka yankan na iya zamewa da 'yan daƙiƙu. A bidiyon kamu wannan ba abin damuwa ba ne.

In kuma minti biyar ɗin ya yi nauyi ga datar 'yan'uwa, a nan ne sake ɗinki ya zama dole:

ffmpeg -i kamu.mp4 -vf scale=-2:720 -c:v libx264 -crf 26 -preset slow -c:a aac -b:a 96k kamu2.mp4

Lambar -crf tana tafiya daga 0 zuwa 51, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi kyan hoto. Idan ba a rubuta ba, 23 ake ɗauka. Ƙarin 6 yakan rage nauyin fayil da kusan rabi. Ni ba na wuce 28 a bidiyon biki, domin adon leshi da zanen lalle su ne farkon abin da ke narkewa, su kuma mata suke son gani. Idan a tsaye aka riƙe wayar wajen ɗauka, ya rubuta scale=720:-2 a maimakon scale=-2:720. Ki aika ta WhatsApp a matsayin fayil, ba ta wurin hotuna ba, don kada a sake matse shi. Na asalin kuwa kada a goge shi.

Tambaya: Malam, ba ni da kwamfuta sai waya. Kuma manhajar nan ta kyauta ce ko irin waɗanda ake fasawa ce? Wani abokina ya gwada, ta ce masa "No such file or directory". Daga ɗalibi a Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinka ƙanena, kyauta ce ta halak. Wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara ta a shekarar 2000, masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da raya ta. In kana kallon bidiyo da VLC, ka daɗe kana cin moriyar wani sashe nata. Har motar binciken nan Perseverance, da hukumar NASA ta Amurka ta sauke a duniyar Mars a 2021, da ita ta matse hotunan bidiyo kafin a aiko su.

A wayar Android, sauke manhajar Termux, wadda ke ba ka baƙin allon rubuta umarni, daga F-Droid, wato rumbun manhajojin kyauta, ka rubuta pkg install ffmpeg, sannan termux-setup-storage don ya samu izinin ganin fayilolinka. Aikin murya da na kwafi ba za su wahalar da wayar ba. Sake ɗinkin dogon bidiyo ne zai sha batir.

Saƙon da abokinka ya gani yana nufin ba ta ga fayil ɗin ba. Ko dai ba ya cikin foldar da fayil ɗin yake, ko kuma sunan yana da sarari a tsakiya. Idan sunan lacca ta biyu.mp4 ne, manhajar za ta nemi wani fayil mai suna lacca kawai, ta rasa. Ya sa sunan cikin alamar zance, "lacca ta biyu.mp4", ya sake gwadawa.