Daga ina ake auna tsawon gini? Amsa ga wani ɗan kasuwa a Nima

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa da man gyaɗa a Nima, nan Ankara ta ƙasar Gana, ya aiko da tambaya. Fulotinsa a gangare yake, bayansa na kallon kwata. An ba shi izinin gini hawa biyu: na ƙasa da bene ɗaya a samansa. Sai ɗan wansa, wanda magini ne, ya ce a zuba tifa-tifa na marmara a gaba, a rarake gefen gangaren a fitar da shaguna uku, wai "ƙarƙashin ƙasa ne, ba a lissafa shi cikin hawa". Alhaji har ya karɓi sidi 90,000 kuɗin hayar shekara biyu. Yanzu ma'aikatan asambili, wato ƙaramar hukumar yankin, sun shafa wa bangon jan fenti, sun ce a tsayar da aiki. Yana tambaya ko ya garzaya kotu.

Alhaji, kafin maganar kotu, ina takardar safiyo da ta nuna yadda ƙasar take kafin tifa ta farko ta juye? Na san babu. Nan ka kashe kanka. Ɗan wanka ya iya ɗora bulo, ban musa ba, amma yaushe ya zama mai fassara doka? Ka ɗauki maganar da aka yi a bakin shago bayan la'asar ka zuba mata siminti da rodi.

Alƙali ba ya tsayawa a bakin titi ya ƙirga tagogi. Ma'anar da aka rubuta a ƙa'ida yake karantawa, sannan ya buɗe zanen da aka buga wa hatimi ya gwada shi da abin da ke tsaye. Kuma "ƙasa" ba abu ɗaya ba ce. Akwai ta asali da Allah ya shimfiɗa, akwai wadda ka tarar ranar da ka nemi izini, akwai wadda ka ƙera da ciko. A Ingila, dokar 2015 ta ƙananan gine-gine ta ce in fili ba a miƙe yake ba, daga wuri mafi tudu da ke jikin ginin ake aunawa. A Sidni ta Ostareliya kuwa, a 2014, da tsohon gini ya cinye fuloti kaf, daga hanyar ƙafa ta gefen titi kotu ta ɗauko ma'auni. Kowa da rubutunsa. Naka yana cikin zanen da ka miƙa ƙarƙashin dokar tsara filaye ta Gana ta 2016, mai lamba 925, kuma a zanen nan babu shago uku.

Na taɓa zama da wani mai sayar da taya da ya yi irin wannan wayon. Maƙwabcinsa, wanda ruwa ya fara shigar masa ɗaki saboda cikon, shi ya fito da tsofaffin hotunan biki da aka ɗauka a ƙofar gida. Ga tsohuwar ƙasa nan a fili, ƙasa da dokin ƙofa da kusan ƙugun mutum. Mai taya ba shi da ko takarda ɗaya da zai ƙaryata hoto. Kai kuma Alhaji, ga shi a bakin kwata kake so ka zaunar da mutane a rami da buhunan kayansu, kamar ba ka ga ambaliyar Ankara ta 3 ga Yunin 2015 ba.

Kuɗin hayar nan ma, dokar haya ta Gana ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba. Kada ka taɓa abin da ya rage. Kira masu hayar shagunan uku ka gaya musu gaskiya tun ba su ji a bakin wani ba.

Tsayar da aiki yau. Ɗauko safiyo mai lasisi ya auna titi, bakin kwata da filayen maƙwabta, ya rubuta. Sai injiniya ya duba ko ginshiƙan za su ɗauki hawa uku, ka koma sashen tsare-tsare na asambili da gyararren zane. Lauya kuma ka je masa da takardun nan a hannu, kada ka tafi da ɗan wanka.