Gyara wa mutum ɗaurin kilt ba tare da ya tambaya ba

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: in ka ga mutum ya ɗaura kilt, tufar gargajiyar mazan Sikotland, ba yadda aka saba ba, ka yi masa gyara ko ka yi shiru? Ka yi shiru, sai dai in shi ya nemi shawararka. Ko kilt ɗin ya zarce tsakiyar gwiwa, inda aka saba ya tsaya, ko zanen yadin, wanda zuriyoyi da yawa ke da nasu, ba na zuriyarsu ba ne, wannan ba huruminka ba ne. Da yawa masu sa shi ranar biki haya suka ɗauko, wani kuma na kakansa ya gada, kuma gyara a gaban jama'a yakan ɓata wa mutum ranarsa gaba ɗaya.

Sai dai akwai wurare biyu da za ka yi magana ko bai tambaya ba. In ya juya shi, wato ninke-ninken da ya kamata su zauna a baya suka dawo gaba, ka ja shi gefe ka faɗa masa a hankali tun kafin a fara ɗaukar hoto. Na sha ganin haka a bukukuwa a birnin Glasgow na Sikotland, kuma kullum godiya ake yi. Haka nan in ya soke fil ɗin da ake maƙalawa a gaban kilt har ya haɗa shafi biyun gaba, na sama da na ƙasa. Shafin sama kawai ake sokewa, in ba haka ba ulun zai iya yagewa da zarar ya taka da faɗi, ga shi yadin da tsada.