Ɓarawon tawagar da ya koma yi wa abokan tafiyarsa sata

Ɗan'uwa, wallahi ina karanta tambayarka raina yana sake ɓaci. Ka ce a wasanku na D&D, wasan labari na tebur da kowa ke riƙe da jaruminsa ana jefa dais, mai riƙe da ɓarawon tawagarku yana yashe muku jaka in kun kwanta barci a cikin labari, in an yi magana ya ce ai halin jaruminsa ne haka, shi ne kake tambaya ko ku haɗu ku kashe jarumin nasa a huta. Kar ku kashe. Wani jarumin zai ƙirƙiro, ya dawo da takarda sabuwa da tsohon hali, kuma a wannan karon da ƙullin gaba a ransa.

Mu namu har rai ya ci. D&D muke yi, bugu na biyar na 2014, muna mataki na 4. Ni ke riƙe da mayaƙin gaba, wani wada mai gatari da na daɗe ina rainonsa, har tarihin kakanninsa na rubuta a bayan takardar. Muka haɗa kuɗi muka sayi kwalbar maganin warkarwa guda ɗaya tal, zinare 50, aka sa a jakar tawaga. Ashe tun daren da muka yada zango a bakin kogo mai riƙe da ɓarawon tawagarmu ya miƙa wa DM, wato mai jagorantar wasan, 'yar takarda a ninke. Na ga lokacin da ya miƙa, na ga DM ya yi murmushi ya jefa dais a bayan allonsa, ban kawo komai a raina ba.

Da faɗa ya yi zafi a cikin kogon, jinina ya ƙare na faɗi. Mai warkarwarmu ta riga ta ƙarar da duk abin da take da shi a kan wasu. Jifan dais ɗina na farko na neman tsira daga mutuwa ya ba ni 7, faɗuwa ɗaya ke nan. Da layi ya zo kanta sai ta ce za ta ɗauko kwalbar ta ɗura min. DM ya dube ta ya ce, "Kin laluba jakar, babu komai." Ya kuma ce lalube ya cinye mata zagayenta. Da ta san babu kwalbar, ai da ta gwada tsayar min da jini da hannu, 10 kawai ake nema. Na ɗauki dais mai fuska 20 hannuna yana rawa, na jefa, ya gangara ya bugi kofin shayi ya tsaya a kan 1. Kun dai san hukuncin, 1 faɗuwa biyu ne. Uku sun cika, jarumina ya mutu. Ba mai Revivify, tsafin ta da matacce, a mataki na 4, ko da akwai ma ina muka ga lu'ulu'un zinare 300 da yake buƙata?

Kowa ya yi tsit, shi kuwa dariya yake har da dukan tebur. Abin da ya fi ci min rai shi ne bayan an gama faɗan, sai ya ciro kwalbar a gabanmu ya shanye saboda wani ɗan ƙwarzane da wani ƙaramin dodo, goblin, ya yi masa, ya ɗauki dais biyu masu fuska huɗu ya jefa yana ƙirgawa da ƙarfi. Na ce masa haba, me na yi maka? Ya ce shi ba ruwansa, jaruminsa ba ya bin dokar kowa. To wa ya rubuta jarumin? Daga sama ya faɗo? Kai ka zauna da fensir ka zaɓa masa wannan hali, kana sane da cewa mutane ne za su zauna tare da kai. Har yau bai ce min yi haƙuri ba.

Kuma ni DM ɗin ma ban wanke shi ba. Shi ya karɓi takardar, shi ya bari aka jefa dais. Don haka ka fara da naku DM, ku biyu, ba a gaban kowa ba. Dokar da muke bi yanzu a teburin da na koma mai sauƙi ce: in za ka yi wa jarumin wani sata ko ka kai masa hari, babu jifa, mai jarumin ne zai faɗi ko ta yiwu ko ba ta yiwu ba. Tun da aka kafa ta ba a sake jin kan kowa ba. Kayan tawaga kuma mutum ɗaya ke rubutawa a takarda a tsakiyar tebur, kowa na gani.

Ka kuma yi magana da shi kansa mutumin, a wajen wasa, cikin mutunci. Wani ba mugunta ba ce, zama ne ya ishe shi. Tun 1975 da aka shigo da ajin ɓarawo cikin wasan, aikinsa buɗe makulli ne, da kwance tarko, da laɓewa a duhu, da yankan aljihu. In DM bai ajiye masa ko akwati ɗaya mai kwaɗo ba, bai kawo wani attajiri mai rowa da za a yi wa ƙwace ba, to hannunsa jakarku zai nufa. A ba shi gidan sarki ya haura mana! Mu ma za mu tsaya masa gadi muna murna.

Af, tunda an taɓo masu cutar abokan tafiya, don Allah masu jefa Fireball, wato tsafin ƙwallon wuta, ku riƙa dubawa kafin ku saki. Ƙafa 20 take ci ta kowane ɓangare, dais takwas masu fuska shida, ba ta san ɗan gida ba. Sau nawa mayaƙi yana tsaye gaba da gaba da dodo sai ya ji wuta ta bayansa, wai "ai kana da jini da yawa". Jinin nawa na sayarwa ne?

In kun yi maganar ya ƙi ji, ku sake zaman share fage kamar farkon wasa, kowa ya faɗi abin da ba zai lamunta ba, a rubuta. Ya amince ya zauna, bai amince ba ya nemi teburin da ake son irin wasansa, don akwai su. Amma faɗa min, DM ɗin naku yana karɓar takardun sirri daga hannunsa? In yana karɓa, ka duba jakarku kafin ku shiga kogo na gaba.