Tambayi Likita: Gudan jini ne ko ƙari a saman ƙoda?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya faɗo daga kabu-kabu ya bugu a haƙarƙarin dama. Hoton siti sikan ya nuna ƙullutu mai santimita 3 a saman ƙodarsa. An ce jini ne ya taru, amma ya dawo a sake hoto bayan wata uku. Mahaifiyarmu ta tsorata, tana zaton ciwon daji ne. Yaya ake bambance su?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya. Wurin da ƙullutun yake sunansa adirenal, 'yar halitta ce mai nauyin giram 4 zuwa 5 a kan kowace ƙoda, ita ke fitar da sinadarin kotisol da adirenalin. Ta dama ta fi zubar da jini idan an bugu, domin tana matse tsakanin hanta da ƙashin baya, kuma jijiyarta gajera ce da ke zuba kai tsaye cikin babbar jijiyar ciki. Ɓangaren da ƙaninka ya bugu ya dace da abin da aka gaya muku.

A hoto akwai alamu. Sabon jini kan yi haske, kusan maki 50 zuwa 90 a ma'aunin Hawunsfil da ake auna hasken abu da shi a hoton siti sikan, kitsen da ke kewaye da shi ya yi dishi-dishi saboda jinin da ya tsiyaya. Ƙari marar illa mai kitse yakan tsaya ƙasa da maki 10, gefensa sumul. Babbar shaida kuwa ita ce ruwan da ake ɗurawa a jijiya lokacin hoto: ƙari na da hanyoyin jini, yana shan ruwan ya ƙara haske, gudan jini kuwa ko gezau.

Sai dai akwai tarko. Wani ƙarin yana nan tun kafin hatsarin, buguwar ce ta fasa shi, jinin ya rufe shi a hoton farko. Dalilin hoto na biyu ke nan. Gudan jini kan motse cikin makonni, wani ya ɓace, wani ya bar ɗan tabo mai tauri. Abin da ya ƙi raguwa ko ya ƙara girma, musamman ya haura santimita 4, sai a bi diddiginsa. Da yawa da sun ji sauƙi sai su ce kuɗin hoto asara ne. A nan ake yin kuskuren.

Kada a yarda a soka allura a ɗebo nama kafin a auna metanefirin, wato sinadarin da adirenalin ke rikiɗa ya koma, a jini ko a fitsarin awa 24. Akwai ƙarin da ke fesa adirenalin, taɓa shi na iya cilla hawan jini sama farat ɗaya. Awon ma a bari sai ƙaninka ya murmure, don zafin rauni na ɗaga makin.

Ku gaya wa likita idan yana shan maganin tsinka jini irin wafarin. Idan kuma kun ga kasala mai tsanani, amai, jiri ko hawan jininsa ya faɗi ƙasa sosai, ku garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hakan kan faru idan adirenal biyun duka suka zubar da jini kotisol ya yanke, kuma allurar haidirokotizon miligiram 100, mai maye gurbin kotisol ɗin, ake fara yi ba tare da jiran sakamakon awo ba.