Ku Tambaye Mu: Wasannin Shakespeare kaɗai kamfanin RSC ke yi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karanta adabin Turanci. Malaminmu ba ya rufe darasi bai ambaci kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare Company (RSC) ba. Yaushe aka kafa shi, kuma wasannin Shakespeare kaɗai yake yi?

Amsa: Malama, sunan dai na 1961 ne, amma tushen ya girme shi nesa ba kusa ba. Wani attajiri mai kamfanin giya, Charles Flower, shi ya ba da fili da kuɗi aka gina gidan wasan kwaikwayo a bakin kogin Avon a garin Stratford na Ingila, mahaifar Shakespeare, aka buɗe shi a 1879. Gobara ta cinye shi a 1926. Ginin da ya maye gurbinsa a 1932 mace ce ta zana shi, Elisabeth Scott.

Wanda ya sauya komai shi ne Peter Hall, da ya karɓi ragama a 1960. Kafin shi, 'yan wasa kan taru na 'yan watanni su watse. Shi kuwa ya ɗauke su kwantiragin shekara uku, ya kama gidan wasa na Aldwych a Landan, ya dage sai sun riƙa yin sababbin wasanni. Hujjarsa ita ce wanda bai saba da maganar zamaninsa ba, ta Shakespeare ma za ta mutu a bakinsa. Ni na yarda da shi. To kin ga amsar tambayarki ta biyu: a'a. Su suka fara nuna The Homecoming na Harold Pinter a 1965, da hannunsu a Les Misérables na 1985, kuma Matilda na 2010 nasu ne.

In za ki kalli guda ɗaya, nemi Macbeth na 1976, wanda daga baya aka ɗauka don talabijin. A wata 'yar rumfar kwano mai suna The Other Place aka yi shi, ba fada ba ado, 'yan wasa na zaune a da'ira kan akwatunan katako. Ian McKellen ne Macbeth, Judi Dench matarsa. Kukan da ta saki a wurin da take tafiya cikin barci tana wanke hannu, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ki kuma riƙe sunan David Oyelowo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Da ya fito a Henry VI a 2000, shi ne baƙar fata na farko da kamfanin ya ba wa rawar sarkin Ingila a wasan Shakespeare.