Takardar Widal ta ce taifod, in yarda?

Tambaya: Likita, sau uku a bana ana ɗibar jinin ɗana mai shekara 9 a wani ɗakin gwaji na unguwarmu. Kullum sai a ce taifod ne, a rubuta 1:160. Ya sha magani har ya gaji, zazzaɓin na dawowa. Anya gwajin nan gaskiya yake faɗa?
Wata uwa, Jekadafari, Gombe

Amsa: Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya. Irin takardar nan kullum iyaye mata ke zaro mini ita daga jaka, a ninke, kuma tana damuna.

Gwajin Widal, wanda wani likita Bafaranshe ya ƙirƙiro a 1896, ba ya ganin ƙwayar Salmonella Typhi mai jawo taifod. Sojojin da jini ya tanada don yaƙar ta yake aunawa. Sawun ɓarawo ke nan, sawu kuwa yakan daɗe bayan mai shi ya wuce. Wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, da wanda maleriya ke damunsa, duk takardarsu na iya nuna 1:160, wato lambar da ke nuna yawan sojojin nan a jini. Mai taifod na gaske kuma, a makon farko gwajin kan ce lafiya lau.

Na zamani irin su Typhidot da TUBEX sun ɗan fi, amma su ma suna kuskure. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2017 ta nuna TUBEX na kama 78 cikin 100 na masu ciwon, yana kuma laƙaba shi ga 13 cikin 100 na waɗanda ba su da shi.

Abin da na fi yarda da shi shi ne kalca: a zuba jinin a kwalba, a jira kwana 2 zuwa 3 ko fiye ƙwayar ta tsiro. Shi ma yakan rasa ta, musamman in an riga an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma in ya kama, har maganin da zai ci ta yake nunawa.

Ki kai shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ki tafi da kwalayen duk abin da ya sha. A duba maleriya da fitsari. Kada ki ƙara saya masa magani a kemis kafin nan. In kuwa cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko bayan gidansa ya yi baƙi, kada ki jira gari ya waye, don taifod na huda hanji.